Zaɓen Tsibirin Hutu a Yankin Zafi: Wata, Gaɓa da Abin da Hoton Talla Ba Ya Nunawa

Tallace-tallacen kamfanonin shirya tafiye-tafiye sun sa tsibiran yankin zafi sun zama kamar abu guda a idon mai kallo, domin kowane hoto yana ɗauke da farin rairayi, da bishiyar kwakwa da ta sunkuya, da ruwa mai shuɗi garai-garai, har mutum ya ɗauka cewa bambancin Zanzibar da Maldibs bai wuce na farashi ba. Wannan fahimta ce take sa masu niyyar hutu su fara da zaɓen otal, daga baya su nemi ranar da za su samu sarari a wurin aiki, alhali kuwa natsuwar da suke nema ta fi rataya a kan abubuwa biyu da kyamara ba ta ɗauka, wato watan da aka je da kuma ɓangaren tsibirin da masaukin yake fuskanta. Jerin da ya fi dacewa shi ne a fara da wata, a bi da gaɓa, otal kuma ya zo daga ƙarshe.

Ma'anar kalmomin da ake amfani da su

Yankin zafi shi ne faɗin duniya da ke tsakanin digiri 23.5 arewa da digiri 23.5 kudu da ikwaita, wato layin da masana suka ƙaddara ya raba duniya gida biyu. A wannan yanki zafin rana ba ya sauyawa sosai daga wata zuwa wata, saboda haka abin da ke raba shekara shi ne ruwan sama da alƙiblar iska, kamar dai yadda damina da rani suke raba ta a ƙasar Hausa.

Masaukin shaƙatawa kuwa ya bambanta da otal na cikin gari, domin an gina shi ne don baƙo ya zauna a cikinsa kwana da kwanaki ba tare da buƙatar fita ba, yana da wuraren cin abinci, da tafkin iyo, da nasa yankin bakin teku. Akwai kuma farashin dunƙule, tsarin da baƙo yake biyan kuɗi sau ɗaya su haɗa ɗaki da abinci sau uku da abin sha, saɓanin tsarin da ya ƙunshi karin kumallo kaɗai, ko karin kumallo da abincin dare.

Kalma ta ƙarshe da ke buƙatar bayani ita ce dutsen murjani. Wasu ƙananan halittun ruwa ne suke gina shi a hankali cikin ɗaruruwan shekaru, har ya zama kamar ganuwa a cikin teku da ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Ruwan da ke kwance tsakanin wannan ganuwa da rairayi, wanda za a iya kira tafkin teku, shi ne mai launin nan da ake gani a hotuna, kuma farin rairayin kansa galibi garin murjani ne da na bawon halittun ruwa da suka niƙe.

Yadda sana'ar ta samo asali

Hutun bakin teku a tsibiri mai nisa sabon abu ne, domin sai da jiragen sama masu dogon zango suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu sannan ya zama sana'a. Kamfanin Club Med ne ake danganta wa farashin dunƙule, tun lokacin da ya kafa sansanin tantuna a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen a 1950, ɗakunan da ake kafawa a kan turaku cikin ruwa kuma sun fara bayyana ne a tsibiran Polineshiya na Faransa a 1967. Maldibs, wadda a yau ta zama ma'aunin wannan irin hutu, ba ta buɗe masaukinta na farko ba sai a 1972, mai suna Kurumba, kusa da babban birninta Male.

Abin lura a nan shi ne, alaƙar ƙasar Hausa da waɗannan tsibirai ta girmi yawon buɗe ido nesa ba kusa ba. Wurin da aka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, wanda jam'insa ya bar wa harshen Hausa kalmar kuɗi, daga tekun Maldibs ake tsamo shi, kuma Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Male wajen tsakiyar ƙarni na 14, ya ga ana tara shi a can, ya kuma tarar da shi yana yawo a hannun mutane a daular Mali. Tarihin Kano ya ambaci shigowarsa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18, sannan a ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar, abin da ya karya darajar kuɗin a Afirka ta Yamma.

Iska da watanni

Tekun Indiya, inda mafi yawan tsibiran da matafiya daga Afirka ke nufa suke, yana ƙarƙashin wata iska mai juya alƙibla sau biyu a shekara, wadda sunanta na Turai ya samo asali daga kalmar Larabci ta mausim, wato lokaci. Mutanen Zanzibar suna kiran iskar arewa maso gabas kaskazi, tana kaɗawa daga wajen Disamba zuwa Maris da zafi da rana, ta kudu kuma suna kiranta kusi, wadda take zuwa da sanyi-sanyi da ƙarancin ruwa daga Yuni zuwa Satumba. Tsakanin iskokin biyu ne ruwan sama yake sauka: babbar damina, masika, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da wasu otal-otal kan rufe ƙofa gaba ɗaya, da ƙaramar damina, vuli, wajen Nuwamba. A Maldibs an raba shekara zuwa iruvai, lokacin rani daga Disamba zuwa Afrilu, da hulhangu, lokacin ruwa da tashin teku daga Mayu zuwa Nuwamba.

Daga wannan kaɗai za a ga cewa watan Yuli, wanda yake cikin mafi daɗin watanni a Zanzibar, tsakiyar damina ne a Maldibs, watan Afrilu kuma akasin haka. Iyalin da hutun makaranta ya ɗaure su da Agusta ba su da zaɓi iri ɗaya da ma'auratan da za su yi tafiya bayan biki a Janairu, ko da kuwa kuɗin aljihunsu ɗaya ne.

Morishos tana wajen digiri 20 kudu da ikwaita, saboda haka lokutanta kishiyar na arewacin duniya ne: zafi da ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, wanda shi ne kuma lokacin guguwar teku mai juyawa, musamman daga Janairu zuwa Maris, sannan sanyi daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin da iskar kudu maso gabas take dukan gaɓar gabas da ta kudu ba ƙaƙƙautawa, yayin da yamma da arewa suke cikin kariyar duwatsu. Manyan tsibiran Seshel, wato Mahé da Praslin da La Digue, sun tsira daga irin wannan guguwa saboda kusancinsu da ikwaita, domin guguwar tana buƙatar ƙarfin juyawar duniya kafin ta naɗe, wannan ƙarfi kuma yana da rauni ƙwarai a tazarar digiri 5 daga layin. A Karebiyan, a ɗaya ɓangaren duniya, lokacin guguwa a hukumance yana farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare ranar 30 ga Nuwamba.

Tsibiran da suka fi kusa da Afirka ta Yamma suna da nasu hali. A Sawo Tome, cikin mashigin tekun Gini, ranin da ake kira gravana yana faɗowa daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da damina ta kankama a Kano. Tsibiran Sal da Boa Vista na Kabo Berde kuwa busassu ne, ruwan sama ba ya damun kowa a cikinsu, sai dai iska ce mai ƙarfi a watannin sanyi, kuma hazon hunturu da ke tasowa daga Sahara yakan isa can har ya hana jirage sauka, ta yadda wanda ya gudu daga ƙurar Janairu zai iya tarar da ita ta riga shi isa.

Masu sayar da tikiti suna da hujja idan suka ce damina a yankin zafi ba ta nufin ruwa dare da rana, domin sau da yawa ruwan yakan zuba na sa'a ɗaya ko biyu gari ya washe, farashi kuma yakan sauka sosai a wannan lokaci. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, ko ruwa bai sauka ba, iska tana ta da teku, tana gurɓata ruwan da ake son gani garai-garai, tana kuma mayar da tafiyar kwalekwale abin wahala ga mai saurin jin jiri.

Gaɓa ɗaya ba ta zama ɗaya da 'yar'uwarta

Ko an dace da wata, saura batun cikowa da janyewar teku. Jan da wata yake yi wa ruwan duniya shi ne yake sa teku ya ciko ya janye kusan sau biyu a kowace rana, kuma abin ya fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, wato wajen daren sha huɗu, wanda hakan ya sa mai bin kalandar Hijira yake da saukin lissafa shi fiye da kowa. A Maldibs tazarar ba ta cika wuce mita 1 ba, saboda haka baƙo zai iya shiga ruwa duk lokacin da ya ga dama. A Zanzibar kuwa tana iya kusantar mita 4, kuma da yake gaɓar gabas, wajen Paje da Jambiani, shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa yakan janye ɗaruruwan mitoci ya bar fili, inda matan ƙauyukan suke noman ciyawar teku a kan igiyoyi tun ƙarshen shekarun 1980. Kallon wannan aiki yana da nasa armashi, amma wanda ya biya kuɗi don yin iyo da hantsi zai iske sai ya jira teku ya dawo. Nungwi da Kendwa, a ƙuryar arewa, gaɓarsu tana da zurfi, ana iyo a kowane lokaci, sai dai wannan falala ce ta jawo musu cunkoson otal-otal da kiɗan dare, Paje kuma iskarta ta mai da ita matattarar masu wasan zamiya a kan ruwa da lema.

Ciyawar teku da iska ke korowa gaɓa ita ma tana bin alƙibla. A Praslin, gaɓar Grand Anse takan cika da ita a watannin iskar kudu maso gabas, daga Mayu zuwa Satumba, yayin da ɗaya gefen tsibirin yake fes. A Karebiyan matsalar ta girma tun daga 2011, lokacin da wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ake kira sargasum ta fara taruwa a gaɓoɓin da ke fuskantar gabas, tana ruɓewa da wari kamar na ɓataccen ƙwai.

Inda babu ganuwar murjani kuma, igiyar ruwa tana isowa da cikakken ƙarfinta, tare da wani siririn kwararo na ruwa mai komawa cikin teku da gudu, wanda yake jan mai iyo nesa da gaɓa. Wannan ya fi zama haɗari ga wanda ya saba da kogi ko kududdufi kaɗai, kuma ga iyali masu yara ya isa dalilin fifita tafkin teku mai kariya a kan buɗaɗɗiyar gaɓa komai kyanta.

Farashin talla da farashin gaskiya

Taurarin da otal yake liƙawa a ƙofarsa ba su da ma'auni guda a duniya, kowace ƙasa da nata tsarin, wasu masaukan ma su suke ba kansu, don haka tauraro biyar a wani wuri zai iya zama uku a wani. Abin da ya fi taurari amfani shi ne jimillar kuɗin da za a biya a ranar fita.

Maldibs ta ba da misali mafi bayyana. Ƙasar tana da tsibirai kusan 1,190, mutane suna zaune a kimanin 200 daga ciki, kuma ƙa'idar da aka gina sana'ar a kanta ita ce tsibiri ɗaya masauki ɗaya. Baƙon da ya sauka a filin jirgin Velana yana da sauran tafiya, ko dai a jirgin ruwa mai gudu, ko a ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda kuɗinsa daban ne kuma da rana kaɗai yake tashi, ta yadda wanda jirginsa ya iso da dare zai kwana kusa da Male a kan kuɗinsa. A kan farashin ɗaki ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, da harajin kaya da hidimomin yawon buɗe ido wanda ya kai kashi 17 cikin ɗari tun daga Yulin 2025, da harajin kare muhalli na dala 12 ga kowane mutum a kowane dare. Tunda kuma babu wani kanti ko gidan abinci a tsibirin sai na masaukin, ko ruwan kwalba sai yadda aka yanka masa. Zanzibar ma ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta dala 44 daga kamfanin inshorar gwamnatinta tun daga Oktoban 2024.

A irin wannan keɓaɓɓen tsibiri farashin dunƙule yana da ma'ana. Amma wani kaso mai tsoka na wannan farashi kuɗin barasa ne da aka lissafa cewa baƙo zai sha, saboda haka Musulmin da ba ya sha yana biya wa wasu ne, kuma sau da yawa tsarin da ya ƙunshi abinci sau uku ba tare da abin sha ba ya fi masa riba.

Keɓewa ko zama cikin jama'a

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. Masu goyon bayan keɓaɓɓen masauki suna cewa hutu na gaskiya shi ne a rabu da hayaniya, da masu tallan kaya a bakin ruwa, da tunanin inda za a ci abinci, kuma gwamnatin Maldibs da kanta ta daɗe tana ganin keɓewar hanya ce ta kare al'adun jama'arta, waɗanda Musulmi ne, daga barasa da shigar baƙi. Masu suka kuwa suna nuna cewa yawancin manyan masaukan na kamfanonin waje ne ko na tsirarun attajirai, abinci da kayan aiki daga waje ake shigo da su, don haka kuɗin baƙo yakan fice daga ƙasar ba tare da ya taɓa hannun masunci ko mai sayar da kayan miya ba. Wannan muhawara ce ta kai ga sauya doka a 2009, aka halatta buɗe gidajen baƙi a tsibiran da mutane ke zaune, irin su Maafushi, inda farashi ya yi ƙasa sosai, babu barasa, ana jin kiran salla, kuma an ware wani yanki na gaɓa ga masu shigar iyo ta Turawa.

Ga matafiyi Musulmi wannan rabuwa tana da wani sakamako da ba a cika zato ba: kasancewar ƙasa ta Musulmi ba ta tabbatar da cewa masaukin da ke cikinta ya dace da iyalinsa, domin dokar hana barasa ta Maldibs ba ta aiki a tsibiran shaƙatawa, kuma matan da ke son shiga ruwa ba tare da idon maza ba sai sun nemi ɗaki mai tafkinsa a killace, wanda shi ne mafi tsada. A Zanzibar, inda mafi rinjayen jama'a Musulmi ne, naman halal ba abin nema ba ne a gari, kuma Stone Town, tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, yana ba mai gundura da kwanciya a rairayi abin kallo, sai dai a watan azumi yawancin gidajen abinci na gari a rufe suke da rana. A Indunusiya ma Bali, wadda ta fi suna, mabiya addinin Hindu ne suka fi yawa a cikinta, maƙwabciyarta Lombok kuwa ta Musulmi ce kuma ta fi ta shiru.

Hanya, biza da lafiya

Daga Kano ko Abuja ko Yamai, zuwa tsibiran Tekun Indiya galibi sai an yada zango a Addis Ababa, ko Nairobi, ko Doha, ko Dubai, kuma hutun kwana biyar da tafiya ta cinye biyu daga ciki bai cika sunansa ba. Maldibs tana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, masu fasfon Najeriya kuwa sai sun nemi bizar Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar take cikinta, tun kafin su tashi, Seshel kuma ta tsaurara musu shiga a Yulin 2023, abin da ke nuna cewa waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa kuma ofishin jakadanci ne wurin tabbatar da su kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa. Kabo Berde kuwa mamba ce ta ECOWAS kamar Najeriya, saboda haka shigarta ta fi sauƙi ga masu fasfon Najeriya. Katin rigakafin ciwon shawara ana nemansa daga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, zazzaɓin cizon sauro yana nan a Zanzibar da Sawo Tome, babu shi a Maldibs da Seshel, ko da yake zazzaɓin dengi, wanda wani sauro mai cizon rana yake yaɗawa, yakan ɓulla a can. Mai ciwon suga ko hawan jini ko mace mai juna biyu suna da ƙarin lissafi, domin ƙaramin tsibiri ba ya da abin da ya wuce ɗakin shan magani, babban asibiti kuma sai an ƙetare ruwa.

Abin da ke faruwa da tsibiran kansu

Kyan da ake biyan kuɗi don a gani yana rataye ne a kan murjani mai rai, shi kuma ba ya jure ɗumamar ruwa. Idan zafin teku ya haura yadda ya saba na wasu makonni, murjani yakan kori ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya koma fari fat, idan zafin ya daɗe ya mutu, kamar yadda ya faru a faɗin Tekun Indiya a 1998 da kuma 2016. Maldibs, wadda matsakaicin tudunta bai wuce mita 1.5 a kan teku ba, ta fi kowa sanin haɗarin, har shugabanta na wancan lokaci, Mohamed Nasheed, ya yi zaman majalisar ministoci a ƙarƙashin ruwa a Oktoban 2009 don jawo hankalin duniya, sharar masaukanta da ta babban birni kuma an shafe shekaru ana jibge ta a tsibirin Thilafushi. Morishos ta ga wani nau'in haɗarin a 2020, lokacin da jirgin dakon kaya Wakashio ya hau kan murjanin kudu maso gabas ya zubar da mai kimanin tan 1,000 a cikin tafkin tekunta.

Idan ganuwar murjani ta mutu, igiyar ruwa tana samun hanya, rairayi kuma ya fara zaizayewa, shi ya sa masaukai da dama a yanzu suke tsotso rairayi daga ƙarƙashin teku da injuna su watsa a gaɓa, ko su jera buhunan yashi da tarin duwatsu a gaban ɗakunan da ruwa ya kusa ci. Hoton da ke cikin talla zai iya kasancewa an ɗauke shi shekaru kafin a jera waɗannan buhuna, yayin da hotunan tauraron ɗan'adam da ke cikin taswirar waya, da waɗanda baƙin watannin baya suka ɗauka da hannunsu, suke nuna faɗin rairayin da ya rage a gaban kowane ɗaki.